FILIN MATA: Kafin Ki Sauya Tsohuwar Firinta, Ki San Abin Da Sabuwar Za Ta Ci

A makon nan za mu ɗan jingine zancen girki da reno, mu taɓa wani abu wanda a da sai a ofishin gwamnati ake ganinsa, amma yanzu ya shigo ɗakunanmu ya zauna kusa da keken ɗinki. Wannan abu kuwa shi ne firinta, watau na'urar da ke fitar da rubutun kwamfuta ko na waya a kan takarda.

Wata za ta ce, ina ruwan mace da firinta? To, ruwanta ne ƙwarai. Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, yarinya ba ta shiga ɗakin jarrabawa sai da takardar da aka buga mata. Daga 2021 kuma aka ce sai da lambar katin ɗan ƙasa za a yi rajista, ita ma tana da tata takardar. Sakamakon WAEC da NECO a intanet ake duba shi, sa'an nan a buga. Ga tambayoyin jarrabawar firamare da Islamiyya, ga katin biki da na suna da na walimar sauka.

Mutanen birni ba su san wuyar abin ba, domin kowane lungu akwai shagon buga takardu. Amma mu nan ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, sau da yawa yarinya sai ta hau babur daga ƙauyensu zuwa Kwanar Dangora ko cikin garin Tudun Wada saboda takarda ɗaya tak, kuɗin babur ya ninka kuɗin bugun, in aka yi rashin sa'a ta tarar babu wuta ta komo hannu rabbana. Wannan ne ya sa malamai mata da waɗansu matan gida suka daure suka sayi firinta da kuɗin adashi, suna biyan bukatar gida, suna kuma samun na cefane daga maƙwabta. Yanzu da yawa daga cikin waɗannan firintoci sun tsufa, masu su suna ta tambaya: in zan sake, mai tawada zan saya ko mai gari?

SHIN TA MUTU KO SUMA TA YI?

Da farko dai kada ki yi gaggawar yar da tsohuwar, da tsohuwar zuma ake magani. In takarda ce ba ta ja, sau da yawa robar da ke janta ce ta yi santsi da ƙura, a goge ta da ƙyalle mai ɗan laima ko a sauya ta, kuɗin bai taka kara ya karya ba. In rubutu ne yake fita da ratsi-ratsi, watakila wankin kai kawai take so.

Amma akwai alamomi uku da in kin gan su, to, ki fara tanadi. Na ɗaya, in mai gyara ya yanka miki kuɗin da ya kai rabin kuɗin sabuwa. Na biyu, in abincinta, watau tawada ko gari, ya ɓace a kasuwa har sai an yi ta cigiya. Na uku, in kin sauya kwamfuta amma sabuwar ta ƙi gane firintar, domin kamfanin ya daina yi mata manhajar da ke haɗa su.

YADDA KOWACE KE AIKI

Mai tawada ita ce Turawa ke kira inkijet. Aikinta ya yi kama da zanen lalle: akwai wani ɗan kai da ke kai-kawo bisa takarda, a jikinsa akwai 'yan ƙofofi masu yawa waɗanda sun fi gashin kai siranta, ta nan yake fesa ɗigon tawada. A firintocin HP da Canon zafi ne ke tunkuɗo ɗigon, a na Epson kuwa wani ɗan abu ne ke motsawa ya matso shi.

Mai gari ita ce leza. Babu ruwa ko kaɗan a cikinta, sai wani baƙin gari mai laushi kamar kwalli, wanda ake kira tona. Kin san yadda a lokacin hunturu in kin cire mayafi yake ƙara yana manne miki a jiki? Ko yadda mataji, in an goga shi a gashi, yake ɗaukar 'yan gutsattsarin takarda? To, da irin wannan ƙarfi take aiki. Haske yana zana rubutun a jikin wani gungume mai juyawa da ake kira duram, garin ya manne a inda aka zana, ya sauka a kan takarda, sa'an nan takardar ta ratsa ta wani wuri mai zafi kamar dutsen guga, wanda zafinsa ya kusa digiri 200, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Nan garin ke narkewa ya kama takarda. Shi ya sa kike jin takarda da ɗumi in ta fito.

Dukansu biyu ba yau aka fara su ba. Wani injiniyan kamfanin Xerox a Amurka, mai suna Gary Starkweather, shi ya fito da dabarar leza a 1969. A shekarar 1984 kamfanin HP ya fitar da LaserJet ta farko mai zama kan tebur, tana buga shafi 8 a minti ɗaya, kuɗinta dala 3,495. A wannan shekara kuma ya fitar da mai tawada da ya kira ThinkJet. Sai a 2010 kamfanin Epson ya fito da wata sabuwar mai tawada a ƙasar Indunusiya, wadda aka yi mata tanki a jiki ana ɗura tawada daga kwalba. Yanzu Canon da HP ma suna yin irinta. Ke nan zaɓin da ke gabanki uku ne: mai tawada ta katirij, watau wadda ake sauya mata ɗan ƙoƙon tawada in ya ƙare, da mai tawada ta tanki, da mai gari.

SAYEN DOKI DA CIYAR DA SHI

Duk wadda ta taɓa kiwo ta san kuɗin dabba ba ya ƙarewa ranar kasuwa, dusa da harawa su ne aikin. Haka firinta take. Wadda ta fi kowace araha a kanti ita ce mai katirij, har mace ta ji kamar kyauta aka ba ta. Dalili kuwa, masu yinta ba a jikin na'urar suke neman riba ba, a tawadar suke jiran ki.

Ga lissafin da kamfanonin da kansu suka bayar. Ƙaramin baƙin katirij na HP mai lamba 123 yana buga kimanin shafi 120. Katirij ɗin gari mai lamba 85A, wanda ake sa wa LaserJet P1102 da ta cika shagunanmu, yana buga kimanin shafi 1,600. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai mililita 65 kuwa tana buga kimanin shafi 4,500. Watau kafin kwalba ɗaya ta ƙare, mai katirij ta sayi katirij 37 da ɗoriya.

Alal misali, a ce Islamiyyar unguwarku tana da ɗalibai 200, kowane za a ba shi tambayoyi shafi 5. Shafi 1,000 ke nan. Mai katirij za ta cinye guda tara kafin a gama. Mai gari katirij ɗaya ya ishe ta har da saura. Mai tanki kuwa ko rubu'in kwalba ba za ta sha ba. Ta wajen sauri kuma mai gari ce a gaba: tana fitar da shafi 18 ko 20 a minti, ta gama aikin cikin kamar awa ɗaya, mai tanki kuwa shafi 10 take yi, sai ta kusa cin awa biyu.

Ban kawo farashi da naira ba da gangan, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kayan waje ba su tsaya wuri ɗaya ba. Abin da za ki yi shi ne, in kin shiga kanti ki tambayi kuɗin katirij ko kwalba, ki raba shi da yawan shafin da aka rubuta a kwalin. Abin da ya fito shi ne kuɗin shafi ɗaya. Ki ƙara kuɗin takarda, rim ɗaya falle 500 ne. Sai dai ki sani su kamfanoni da shafi mai rubutu kaɗan suke awonsu, kamar gajeriyar wasiƙa. In hotuna da manyan haruffa kike bugawa, ki rage lissafin. Har ila yau, katirij ɗin da ke zuwa cikin sabuwar firinta sau da yawa ba a cike yake ba, na ɗanɗano ne.

BATUN WUTA

Nan ne fa shawarar mutanen birni da ta 'yan ofis ba ta yi mana daidai ba. Kowa zai ce miki mai gari ta fi ƙarko, kuma gaskiya ne. Amma mun ce da dutsen guga take aiki a cikinta, kowace mace kuwa ta san abin da dutsen guga ke yi wa wuta. Ƙaramar mai gari tana jan wat 300 zuwa 400 lokacin da take bugu, sa'ad da take ɗaukar zafi da farko kuwa tana fizgar fiye da haka. Mai tanki ba ta kai wat 20 ba, kusan daidai da ƙwan lantarki ɗaya ko biyu na zamani.

Saboda haka in gidanku da ƙaramar sola kuke rayuwa, irin wadda ke ɗaukar fanka da fitila da cajin waya, mai gari za ta riƙa kashe miki inbata tana gajiyar da batir. Ƙaramin janareto ma, irin mai cin fetur gauraye da baƙin mai, sai ki ji muryarsa ta sauya in ta fara ja. In kuwa aka kawo wutar KEDCO ba ta cika ba, mai gari tana iya ƙin ɗaukar zafi, rubutu ya fito yana gogewa a hannu. Mai tawada ba ruwanta da duk wannan, ko a kan ɗan ƙaramin batir sai ta yi aikinta. Lalle ne ki auna ƙarfin wutar gidanki kafin ki auna kuɗin jakarki.

HUNTURU DA DAMINA

To, amma ita ma mai tawada tana da nata ciwon, shi ne zama. Tun da ruwa ne a cikinta, in ta yi makonni ba a taɓa ta ba sai tawadar ta bushe a bakin 'yan ƙofofin nan, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu sa'ad da iska ke busar da leɓe da dunduniya, da kuma zafin bazara. In ta toshe sai an yi ta wankin kai, shi kuwa wankin tawada yake sha. In abin ya yi tsanani sai an sauya kan ɗungum, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Malamar da ke kulle ɗaki ta tafi dogon hutu garinsu, ta dawo ta tarar da wannan, ita ta san zafin abin. Mai gari kuwa ko wata shida ta yi a rufe, da kin kunna sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, gari ba ya bushewa.

Da damina kuma labari ya sake. Ƙasar Doguwa, wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ta fi sauran jihar Kano samun ruwan sama, laima kuwa tana shiga takarda. Takarda mai laima tana nannaɗewa ta maƙale a cikin mai gari. Ta ɗaya gefen kuma, yawancin tawadar firintocin gida tana zuba in ruwa ya taɓa ta. Yarinya ta sa takardar shiga jarrabawa cikin hijabi, yayyafi ko gumi ya same ta, sai lamba da hoto su dame. Bugun gari ba ya zuba. Sabili da haka takardun da za a ajiye shekaru, kamar yarjejeniyar gona ko ta haya, bugun gari ya fi dacewa da su.

Wajen launi da hoto kuwa mai tawada ba ta da abokiyar karawa. Katin biki, hoton fasfo, zanen da za a nuna wa yara a aji, duk nata ne. Akwai mai gari mai launi, amma katirij huɗu take ci, kowane da tsadarsa, ba ta gidan mai ƙaramin ƙarfi ba ce.

RANAR SHIGA KASUWA

Yawancinmu sai an je Kano ake sayen irin wannan kaya, a titin Beirut ko Sabon Gari, daga Doguwa kuwa tafiyar ta wuce kilomita ɗari. Ko ke za ki je, ko maigida, ko ɗan'uwanki, ga abin da za a kiyaye.

Na farko, kafin a tafi a tambayi mai gyaran da ya fi kusa da ku wace iri ya iya, kuma wace ce ake samun kayanta. Firintar da duk ta yi tari sai an ɗauke ta a mota zuwa birni ta zama kaya.

Na biyu, in 'yar kwatano za a saya, a juya bayanta a karanta. Wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. In an jona wadda aka yi domin Amurka kai tsaye, nan take za ta ƙone. A sa mai kanti ya buga takardar da ke nuna yawan shafin da ta taɓa bugawa, kamar yadda ake duba haƙoran dabba a san shekarunta. A kuma duba baƙin ya fito sosai, babu layi, babu inuwa.

Na uku, a tambaya ko tana karɓar ɗuri. Waɗansu sababbin firintoci an sa wa katirij ɗinsu wani ɗan maɓalli da ke ƙin wanda ba na kamfani ba, waɗansu ma an ƙulle su ga yankin duniyar da aka yi su dominsa. Wadda ɗan'uwa ya aiko da ita daga Turai tana iya ƙin katirij ɗin kasuwarmu.

Na huɗu, in ba ki da kwamfuta, ki nemi wadda ke haɗuwa da waya ba tare da igiya ba. In kuma sana'a za ki yi, ki nemi mai murfi a sama wadda ke yin fotokwafi, domin masu neman kwafi sun fi masu neman bugu yawa. A gwada komai a gabanku, a karɓi rasit da takardar garanti. Gani ya kori ji.

TO, WACE ZA KI ƊAUKA?

In kusan kullum kina da abin bugawa, ana kawo miki katin biki da hotuna, kuma da sola ko ƙaramin janareto kike aiki, to, ki daure ki cika kuɗi ki sayi mai tanki. A ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajen wannan yanki namu.

In aikinki baƙin rubutu ne zalla, mai yawa a lokaci ɗaya, kamar ƙarshen zangon karatu, sa'an nan a yi dogon shiru, kuma kuna da wuta mai ƙarfi ko babban janareto, to, mai gari ce taki. Haka nan wadda ke kusa da inda ɗalibai ke buga takardu jibgi-jibgi, kamar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda a ƙasar Bebeji.

Mai katirij kuwa, wadda arahar ta ke jan ido, ki tuna araha ba ta ado. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kuwa duk wata abin da kike bugawa bai wuce falle biyar ko goma ba, to, ki bar kuɗinki ki sayi tunkiya, ki ci gaba da aikawa shago. Ko kuwa ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ku sayi guda, a ajiye ta wurin wadda ta fi iya kula da ita, da littafin rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

KULA DA ITA

Ki ɗinka mata riga da ragowar yadi, ki rufe ta duk lokacin da ba ta aiki, ki kuma ajiye ta nesa da taga da hayaƙin murhu. Mai tawada ki sa ta buga ko da shafi ɗaya mai launi kowane mako. Ki kashe ta ta maɓallinta kafin ki zare waya daga bango, domin kan ya koma mazauninsa ya rufu. Kada ki bar tanki ya ƙafe ƙarƙaf, kada kuma ki gauraya tawadar wani kamfani da ta wani. Takarda ki bar ta cikin ledarta, a sama, ba a ƙasan ɗaki ba. Da an fara tsawa, ko an ɗauke wuta, ki zare ta daga bango.

Garin tona in ya zube kada a hura shi, kada a bar yara kusa. A goge da ƙyalle mai laima. In ya taɓa tufa a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi narkar da shi yake ya kama zane har abada. Takarda mai sheƙi ta hoto, wadda aka yi domin mai tawada, kada a kuskura a sa ta cikin mai gari, narkewa za ta yi a ciki. Tsohuwar da kika sauya kuwa ki sayar wa mai gyara ya ciri kaya, kada a ƙone ta a bola, hayaƙinta guba ne.

Sai kuma batun amana. Wadda ke buga wa mutane takardu tana ganin sirrinsu: sakamakon jarrabawar 'yar wance, takardar asibitin wane, lambar katin ɗan ƙasa. Abin da idonki ya gani ya tsaya a ɗakinki. In kin gama ki share shi daga waya. Takardun da suka ɓaci a yayyaga su, kada a ba mai ƙosai ko mai awara ta ƙunsa abinci, domin ga tonon asiri ga kuma tawada a cikin abin da yara za su ci. In tambayoyin jarrabawa ne, ko 'yar cikinki kada ta leƙa.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, kada ku tsaya kallo. Ku koyi jera rubutu, da sa takarda, da ɗura tawada, da cire takardar da ta maƙale a hankali ba tare da an fizge ta ba. Ku buga takardunku tun da sauran kwanaki, kwafi biyu, ɗaya a hannu ɗaya a akwatin Inna, ba a fafe gora ranar tafiya. Sana'a ce da mace za ta yi tana cikin ɗakinta da mutuncinta, kuma wadda ta iya ba za ta rasa na sabulu ba a gidan miji.

Nan za mu dakata. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani sai ta rubuto wa wannan fili. Allah ya sa albarka a abin da muke nema, ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.